Gaban da Ya Daina Faɗuwa

Kejin ya karkata hagu, ƙarafunansa suka yi ƙara, sitiyarin ya fizgi hannun Jazuli kamar zai ƙwace. Cikin hular da ta rufe masa fuska, hanya ce yake gani ta miƙe a gefen dutse, a ƙarshenta kwana mai kaifi, bayan kwanar kuma rami wanda ba a hango ƙasansa. Duk direban da ya zo wurin nan yakan ɗaga ƙafa daga totur tun bai kai ba. Jazuli bai ɗaga ba. Ya bari sai da hancin motar ya kusa shafar katanga, sannan ya taka birki sau ɗaya, ya karya sitiyari, ya fita ta ɗaya gefen lafiya lau.

Yayarsa Barira tana zaune a bayan kejin, alluna a jere a gabanta. Ba motar take kallo ba. Idonta yana kan wani koren layi da ke tafiya a allon tsakiya, layin bugun zuciyar ƙaninta. A kwanar da take sa manyan direbobi riƙe numfashi, layin nan ko gezau bai yi ba.

"Yaya, ya kika gani?" in ji Jazuli ta cikin abin magana.

"Ka fi na jiya," in ji ta. "Natsau yana aiki."

A wancan zamanin an daɗe da hana ɗan Adam tuƙi a titunan Kano. Motoci ne suke jan kansu, suna bin juna cikin ladabi, ba hon, ba zagi, ba mai shiga hannun wani. Haɗari ya ƙare, kowa ya yi hamdala. Amma duk wanda ya san mutanen garin nan ya san raba su da sitiyari ba ƙaramin aiki ba ne. Da aka kore su daga titi, sai suka koma keji. Haka ake kiran na'urar tsere, saboda ƙarafunan da suka kewaye kujerarta. A ciki akwai sitiyari mai dawo wa hannu da nauyin hanya, da feda, da hula mai nuna duniyar da babu ita, da kwamfuta wadda ake sanyaya ta da ruwa saboda zafin aiki. Mutum yana zaune a Hotoro zai yi tsere da wanda ke wata nahiya, a kan hanyar da ba a taɓa zuba mata kwalta ba. Babu taya, babu mai, kuma tun da aka fara babu wanda ya taɓa ko gurɗewa.

Sai dai jiki bai san da wannan ba. Kejin zamani ya ƙware wajen yaudara: yana jijjiga, yana karkata, yana busa iska, har da warin taya idan ta ƙone. Ƙwaƙwalwa ta san wasa ne, amma idan rami ya taho, gaba sai ya faɗi. Faɗuwar gaban nan kuwa ita take ɗaga ƙafar direba daga totur na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a wannan ɗan lokacin ake cin tsere ko a faɗi.

Nan Barira ta sa ido. Injiniya ce, ta karanci yadda jijiyoyi ke kai saƙo, kuma tana da irin kan nan da ba ya barin abu sai ya ga ƙarshensa. Ta ƙera wata 'yar na'ura wadda ba ta wuce ƙwallon dabino ba, ana manna ta a ƙeya. Aikinta guda ne. Akwai wani lungu a ƙwaƙwalwa mai aika wa zuciya saƙon firgita. Da zarar saƙon ya taso, na'urar sai ta tare shi da ɗan lantarki kafin ya isa. Direba zai ga ramin, zai san rami ne, amma ƙirjinsa yana nan kwance. Ta sa mata suna Natsau, kuma ba ta yi nisa wajen neman wanda za ta gwada a kansa ba.

Jazuli shi ne autan gidansu, kuma tun yana ƙarami kowa ya san shi da tsoro. Tsawa ta sa shi kuka, ƙadangare ya kore shi daga tsakar gida. Ya girma ya zama direban keji mai hannu, irin wanda masana ke cewa an haife shi da sitiyari, amma kullum na biyu yake zuwa ko na uku, saboda ƙafar nan tasa mai ɗagawa. Ranar da aka ƙwace masa kofin ƙasa a kwanar ƙarshe, ya zo ɗakin aikin Barira idonsa jajir.

"Yaya, ki cire min wannan abin," in ji shi, yana dukan ƙirjinsa. "Shi ne yake kayar da ni, ba su ba."

Da an tambayi Barira daga baya, za ta iya cewa shi ya roƙa. Gaskiya ne. Amma ita ma tana neman wanda zai roƙa ɗin.

Mahaifinsu, marigayi Malam Haladu, direban tirela ne tun lokacin da ake tuƙi na gaske, ya yi layin Fatakwal har gashinsa ya yi fari. Yana da wata al'ada da bai taɓa karyawa ba: ba ya murɗa makulli sai ya tsaya a ƙofar ɗakin matarsa ta ce masa, "A sauka lafiya." Jazuli ya gaji wannan. Duk ranar tsere, kafin ya fita daga gidansu na Gwammaja, sai ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Kai da motarka ko zaure ba ta fita, ina za ka sauka?" Inna takan ce, tana dariya. Sannan ta dafa kansa. "To, Auta, a sauka lafiya."

Tsoron Jazuli kuma yana da wani gefe da ba a ganinsa a allo. Idan Inna ta yi tari a ɗaki, shi ne farkon leƙowa. Idan ta daɗe a unguwa, ya dinga safa da marwa a ƙofar gida ke nan. Barira takan tsokane shi ta ce ya fi 'ya mace rawar jiki. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa wannan da wancan abu ɗaya ne ba.

Da Natsau a ƙeyarsa, Jazuli ya fara cin tsere kamar ana ba shi kyauta. Sunansa ya fita daga Kano, ya fita daga ƙasar. Yana kwana yana tashi a keji, na'urar tana manne da shi tun safe har yamma, wata bayan wata. Manyan ƙungiyoyin tsere na ƙasashen waje suka fara aiko wa Barira saƙo, suna cewa idan ƙaninta ya ci Babban Tseren Nahiyoyi, to za su yarda abin nata na gaske ne.

Inna ce ta fara lura. Wata rana da hantsi jiri ya kwashe ta a bakin famfo, ta faɗi, goshinta ya fashe. Barira ta fito a guje tana salati, ta rikice har ta kasa ɗaure mata kai. Jazuli yana tsaye da kofin shayi. Ya ajiye kofin a hankali, ya kira motar asibiti, ya faɗi adireshin gida daidai, ya karɓi tsumman daga hannun yayarsa ya ɗaure raunin tsaf. Babu abin da ya yi ba daidai ba. Sannan ya ɗauki shayinsa ya ƙarasa.

Bayan an sallamo su daga asibiti da tarin magunguna da gargaɗin cewa zuciyar Inna ta gaji, sai ta kira Barira ɗaki. Ba ta faɗin sunanta, kasancewarta 'yar fari.

"Ke, zo nan. Me kika yi wa yaron nan?"

"Wane abu, Inna?"

"Kada ki raina min hankali. Ni na haife shi. Ina kwance a ƙasa ina kallon idonsa, wallahi kamar tulu ne ya faɗi, ba uwarsa ba. Wannan ƙwallon da kike manna masa a wuya, shi ne ko?"

"Inna, ai a keji kawai yake aiki. Da an cire shi ke nan. Natsuwa ce kawai, kuma kin ga ita ta yi amfani ranar."

Inna ta daɗe tana kallonta. "Ni dai na fi son ɗana mai rawar jiki," in ji ta.

Maganar ta tsaya wa Barira a rai, kuma ta san ya kamata ta dakata ta bincika. Amma Babban Tseren ya matso. Ta ce wa kanta da zarar an gama za ta cire masa na'urar ya huta, ta duba komai a tsanake. Mai ilimi idan yana son abu, ba ya rasa hujja mai kyau.

Ranar tseren, sun fito tun da sassafe. Barira ta tsaya a tsakar gida tana jiran ya durƙusa a ƙofar Inna kamar kullum. Jazuli ya wuce ƙofar da jakarsa a kafaɗa.

"Ba za ka yi mata sallama ba?"

"Barci take. Kuma lokaci ya ƙure."

Labulen ɗakin ya ɗan motsa, Barira ta gani. Ta bi bayansa.

Benen Tsere na Hotoro ya cika maƙil. A bangon babban zaure an kafa allo mai faɗin gida, dubban mutane suna kallo, wasu miliyoyi kuma suna bi daga wayoyinsu. Kejin Jazuli yana cikin wani ɗaki na gilas a sama, Barira a bayansa da abin magana a kunne, ita ce mai gaya masa zafin taya da tazarar abokan hamayya. Tseren mai tsawo ne, daga hantsi har gab da azahar, kuma dokarsa ita ce duk wanda ya fita daga keji ya fita ke nan.

Tun ba a yi nisa ba Jazuli ya shiga gaba. Zauren ya ɗauki sunansa. Koren layin yana tafiyarsa a kwance.

An kusa rabi sai wayar Barira ta yi ƙara. Kawu Mamuda ne, ƙanin Inna, dattijon da ba ya kiran waya sai da dalili.

"Barira, kuna ina?"

"Muna Hotoro, Kawu, wajen tseren Jazuli. Lafiya?"

"To. Ku ɗan zo gida. Jikin Innarku ya ɗan motsa."

Gaban Barira ya yanke ya faɗi. Garin ya canza, motoci sun daina jiran direba, amma wannan bai canza ba: ba a gaya wa mutum irin wannan labari kai tsaye a waya. Idan babba ya kira da kansa ya ce jiki ya ɗan motsa, ba mai tambayar ko nawa ne ɗan. Abin da ke hannunka kake yarwa ka taho.

"Kawu, tana magana?"

"Tana yi. Auta take kira."

Barira ta danna abin magana. "Jazuli. Kawu Mamuda ya kira. Ya ce mu zo gida, jikin Inna ya motsa. Kai take kira."

Motar ta shiga wata kwana ta fita kafin ya amsa.

"Kawu ne ya kira da kansa?"

"Shi ne."

"To abin ya kai ke nan. Na gane."

Ya gane ɗin. Ba kuskuren fahimta ya yi ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Barira hankali. Ta kalli allo. Koren layin bai ko girgiza ba.

"To ka tsaya mana! Ga jirgin ƙasan kan gada nan kusa, yanzu za mu isa."

"Yaya, ki saurara. Likita yana can, na tabbata Kawu ya kira shi. Idan na je babu abin da zan ƙara. Idan kwananta ya ƙare, zuwana ba zai hana ba. Idan da saura, zan same ta bayan azahar. Ki duba min tayar baya ta dama, kamar tana zafi."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa. Wannan shi ne yaron da yake tsayawa a ƙofar gida idan Inna ta daɗe a gidan suna.

A gefen allonta akwai maɓallin kashe Natsau. Ta san abin da zai faru idan ta taɓa shi: kwanar ramin nan tana tafe, tsoron da aka daɗe ana tarewa zai afko masa gaba ɗaya, ya ɗaga ƙafa, ko ya daki katanga a gaban duniya. Kofin zai tafi, ƙungiyoyin waje za su tafi, aikin shekarunta zai zama abin dariya. Ta yi tunanin wannan duka, kuma abin kunya ne a faɗa, amma sai da hannunta ya ɗan tsaya. Sannan ta danna. A ranta tana roƙon Allah ya sa ya daki katangar, ya fizge hular, ya fito yana kuka yana kiran Inna.

Fitilar na'urar ta mutu. Kwanar ta taho. Jazuli bai ɗaga ƙafa ba. Ya taka birki sau ɗaya, ya karya sitiyari, ya wuce, zauren ƙasa ya kaure da ihu. Koren layin yana nan yadda yake.

"Na kashe shi, Jazuli," in ji ta a hankali.

"Na ji ya daina ɗumi a ƙeyata. Ki bar shi a kashe ma. Ina jin na daɗe ba na bukatarsa."

A nan ne Barira ta fahimci abin da ya kamata ta bincika tun ranar da Inna ta faɗi. Ƙwaƙwalwa tana koyo. Saƙon da aka yi ta tarewa kullum, wata da watanni, daga ƙarshe ya daina tasowa, kamar hanyar gona da aka daina bi har ciyawa ta cinye ta. Ita ta ɗauka tsoron rami daban, tsoron rasa uwa daban. Ashe ƙofa ɗaya suke bi su isa zuciya, kuma ita da hannunta ta toshe ƙofar.

Ta cire abin maganar daga kunnenta ta ajiye a kan tebur. Ta sauka daga benen da gudu, mayafinta a hannu, ta ratsa mutanen da ke kiran sunan ƙaninta.

Ta tarar da gidan ya yi tsit, mata sun cika tsakar gida, ba mai ɗaga ido. Inna tana kwance a gadonta, ta ƙanƙance, numfashinta sama-sama. Kawu Mamuda yana zaune a gefe da carbi. Da Barira ta durƙusa ta kama hannunta, Inna ta buɗe ido, ta kalle ta, sannan ta kalli bayanta, wajen ƙofa.

"Ina Auta?"

"Yana tafe, Inna."

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba. Yana cikin kejinsa."

Barira ta kifa kanta a kan gadon, kuka ya ƙwace mata. "Inna, ni ce. Ni na yi masa. Ki yafe min."

"Na yafe muku duka." Ta huta, ta tattaro numfashi. "Da safe ina jinsa ya wuce. Na so in kira shi, na ce bari dai in gani ko zai dawo. Bai kamata in bar shi ya fita haka ba. Babanku bai taɓa fita haka ba." Ta matse hannun Barira da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Ki gaya masa na ce a sauka lafiya."

Daga nan ba ta ƙara magana da kowa ba sai kalmar shahada da Kawu yake maimaita mata. Kafin rana ta take tsaka, rai ya yi halinsa.

Jazuli ya ci tseren. An ce tazarar da ya bayar ba a taɓa ganin irinta ba. Bai tsaya karɓar kofi ba, domin ya lissafa cewa idan ta rasu za a yi jana'iza bayan azahar, kuma lissafinsa ya yi daidai. Ya iso an riga an yi mata wanka an sa ta a likkafani. Ya yi alwala, ya shiga sahu, ya ɗauki makara tare da mutane.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, saboda haka a bakin Kawu Mamuda Barira ta ji sauran. Ya ce da aka zo sa ta a kabari shi ya kasa shiga. Jazuli ne ya shiga, ya karɓe ta, ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla, ya jera itace, hannunsa ko rawa bai yi ba.

"Yaron nan ya ba ni mamaki," in ji Kawu, yana share ido. "Mu da muke ganin shi zai fi kowa rikicewa. Wallahi Allah ya ba shi tawakkali. Liman ma sai da ya yi magana, ya ce matasa su yi koyi."

Haka aka yi ta faɗa duk kwanakin zaman makoki. Masu gaisuwa suna zuwa, su ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya, muryarsa sumul. Su fita suna cewa ka ga mai imani, ka ga namijin duniya. Barira tana jiyo su daga cikin gida, kowane yabo kamar ana watsa mata ruwan zafi. Wayarta kuma ba ta daina haske ba. Ƙungiyoyin tsere ne, da wasu da ba ruwansu da tsere: masu horar da sojoji, masu asibitoci, har da wani mai makarantu da yake tambaya ko akwai ƙarami na yara masu tsoron jarrabawa. Ta rubuta musu gaskiyar abin da ya faru, ta ce ba za ta ba kowa ba. Wasu suka amsa cewa wannan ai ba aibi ba ne, ƙarin daraja ne, tunda ba sai an ci gaba da sa na'urar ba. Duniya ta riga ta ga abin yana yiwuwa, kuma ta san ba ita kaɗai ce mai kai ba.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, ta same shi a tsakar gida da yamma yana naɗe tabarmi. Ta ce ya zauna. Ta gaya masa yadda Inna ta kalli ƙofa, da yadda ta ji wucewarsa da safe, da saƙon da ta bari.

"Ta ce in gaya maka, a sauka lafiya."

Ta zuba masa ido. Babu allo a nan, babu koren layi, amma ba ta bukatarsu. Jazuli ya karkata kai, kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Na gode, Yaya," in ji shi. "Na san a nan ya kamata in yi kuka."

"Jazuli…"

"Kowa yana ce min na yi haƙuri. Ni kuwa ba haƙuri nake yi ba. Mai haƙuri ai akwai abin da yake dannewa. Ni na duba, babu komai a wurin. Ina tuna fuskarta, ina tuna hannunta a kaina, na san ina sonta kamar yadda na san sunana. Amma nan," ya dafa ƙirjinsa, daidai inda ya taɓa duka a ɗakin aikinta, "shiru." Ya ɗago ya kalle ta. "Tunda kin iya cirewa, ba za ki iya mayarwa ba?"

Barira ta so ta ce za ta iya. Duk rayuwarta ba ta taɓa cewa wani abu ya fi ƙarfinta ba.

"Ban sani ba," in ji ta. "Na koyi yadda ake tare shi. Ban taɓa tambayar daga ina yake zuwa ba."

Ya gyaɗa kai, kamar an gaya masa taya ta yi zafi. Sannan ya tashi ya nufi ɗakin Inna. Ɗakin a buɗe yake, an kwashe shimfiɗa, gadon ƙarfen ne kawai da carbinta a rataye. Bai shiga ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, daidai inda ya saba, ya sunkuyar da kai.

Barira ta bar shi har ƙafarta ta gaji da tsayuwa, sannan ta matso.

"Me kake yi?"

"Jira nake. Ko zai zo."

Ta durƙusa kusa da shi. Hawayenta suna ɗiga a kan siminti, shi nasa idon a bushe. Daga nesa ana jiyo motocin gari suna wucewa cikin ladabi, ba hon, ba gaggawa. Suna nan har aka kira sallar magariba. Jazuli ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya sake kallon gadon.

"Bai zo ba," in ji shi. "Gobe zan sake gwadawa."